Shin shekarun ɗaukewar al'ada gado ne?

Uwargida, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Idan al'ada ta ɗauke wa uwa tun tana 42, 'yarta ma haka za ta yi?

Ungozoma, Gombe: Wa'alaikumussalam Hajiya. Gado na da hannu, kusan rabin lamarin daga nan yake. Yawancin mata tsakanin 45 da 55 ne, kuma sai an yi wata 12 ba jini ake cewa ta ɗauke. Abin da mata ba su cika sani ba: samun ciki yana yin wuya kamar shekara goma kafin nan. Mai irin wannan gida kada ta ja lokaci idan tana son haihuwa.

Ɗan Lab, Bauchi: Idan al'ada ta ɗauke mace tana ƙasa da 40, wannan sai likita. Ana gwada FSH (sinadarin jiki da ke sa ƙwan mace ya girma) a jini sau biyu, tazarar mako 4. Akwai canjin ƙwayar gado FMR1 da ke ƙarar da ƙwai da wuri, kuma yana iya wucewa ga 'ya'ya. A kai ta Asibitin Koyarwa na ATBU da ke Bauchi, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya (FTH) Gombe.

Ungozoma, Gombe: Taba sigari ma tana gaggauta ɗaukewar al'ada da shekara ɗaya zuwa biyu, ko uwa ta kai 52.