Makarantun kuɗi da na gwamnati a Jos: ina kuka taɓa ganin an haɗa hannu?

Malamar aji huɗu, Unguwar Rogo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata tara ina koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi a unguwarmu. Makon jiya aka kawo mini wata yarinya da aka ciro daga makarantar gwamnati, a ranar kuma aka ɗauke mini yara biyu maza aka mayar da su can, don mahaifinsu ya kasa biyan kuɗin zango. Yaran nan dai su ne, yau suna hannunmu gobe suna hannunsu, amma ko 'yar takardar da za ta nuna inda yaro ya tsaya a karatu babu mai ba wani. Sai da na zaunar da yarinyar lokacin tara na gwada ta, na tarar ta iya tarawa da ɗebewa sarai, rabawa ce ba ta taɓa gani ba, mu kuwa mun wuce wurin tun zangon baya. Kullum a rediyo ana cewa gwamnati da masu makarantu abokan tafiya ne. Duk wanda ya ga wannan tafiya da idonsa, da daɗi ko ba daɗi, ya ba mu labari. Don Allah kada a kama sunan makarantar kowa.

Mai makaranta, Nasarawa Gwong:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri. Kafin a yi maganar haɗa hannu, a tuna yadda irinmu suka samu a garin nan. Bayan rikicin Satumbar 2001, sannan na 2008 da na 2010, gari ya rabu, iyaye suka daina sakin jiki su tura yaro ya tsallaka wata unguwa da sassafe. Ni da zauren mahaifina da ɗaki ɗaya na fara, yara na zaune a tabarma, allon ma bango ne na shafa wa baƙin fenti. Nauyin da ya kamata gwamnati ta ɗauka a unguwannin nan, mu muka tallabe shi.

A 2022, zamanin Gwamna Lalong, aka soke lasisin makarantun kuɗi aka ce kowa ya sake rajista. Wallahi ban ji haushi ba, don na san akwai masu buɗe makaranta kamar shagon cajin waya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne irin baƙin da nake yi. A zango ɗaya sai mutum huɗu ko biyar su zo, kowa da rasit ɗinsa: na allon suna da ke bakin titi, na wurin sana'a, na shara, na wannan, na wancan. Duk a ofishina suke tsayawa, babu mai leƙa aji. A duk shekarun nan mutum ɗaya na gani daban, wata dattijuwa mai duba makarantu. Ta ƙi zama a kujerar da na ba ta, ta tafi aji biyu ta zauna a bencin baya har aka gama darasi. Da aka tashi ta kira malamin gefe, ta nuna masa cewa yaran haddace shafin suka yi, ba karantawa suke ba: ta rufe hoton da tafin hannunta ta nuna kalma, aji ya yi tsit. Ta koya masa yadda zai fara da sautin harafi. Sau uku ta dawo a shekarar, daga nan aka yi mata canjin wurin aiki. Har yau malamin nan da hanyarta yake koyarwa.

Malamin kimiyya a sakandaren gwamnati, wajen Titin Bauchi:

Alhaji, abin da ka faɗa na canjin wurin aiki ya taɓa ni, don haka tamu ta ƙare. Muna da ɗakin gwaje-gwaje babba, ginin da, mai teburan siminti da famfo, sai dai sinadarai sun ƙare, tagogi sun farfashe, lokacin hunturu sanyin Jos ya hana yara riƙe kwalba. Kusa da mu akwai makarantar kuɗi mai ɗalibai 'yan aji shida, za su rubuta WAEC da NECO, amma ba su da ɗakin kirki. Firinsifal ɗinmu da mai makarantar suka zauna suka shirya: ranar Asabar su kawo yaransu, su kuma su sayi sinadarai da gas, su sa gilashin tagogi. Muka riƙa haɗa yaran biyu-biyu, ɗaya namu ɗaya nasu. Na ga yarinyar da ta shekara uku tana zana bututun awo a littafi, ranar ta fara riƙe shi, hannunta na rawa, da ruwan ya juya launi ta yi kabbara da ƙarfi har aka yi dariya. Namu yaran ma sun amfana, don kafin nan a allo kawai nake yi musu gwajin.

Shekara biyu muka yi a haka. Da aka kawo sabon firinsifal ya tambayi takardar izini, babu, don da baki aka yi maganar. Ya ce shi ba zai sa wuyansa ba, idan yaron da ba namu ba ya ƙone da asid wa zai amsa? Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Da akwai takarda daga sama mai cewa ga yadda ake irin wannan aro, ga wanda ke ɗaukar alhaki, da har yau muna yi.

Uwar yara uku, Farin Gada:

Ni ba malama ba ce, ɗinki nake yi. Ranar Juma'a 12 ga Yulin 2024 da benen makarantar nan ta Busa Buji ya rufta kan ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu, ina kan keken ɗinki na ji ihu a titi. Yarana ba a can suke ba, amma ban san lokacin da na fita ba, mayafi a hannu. Ranar Litinin na je makarantarsu na ce a nuna mini sama. Na ga tsaga a bangon matakala wadda ɗan yatsana ke shiga. Mai makarantar ya ce fulasta ce kawai. Wataƙila gaskiyarsa, to ni ina zan sani? Abin da nake so kaɗan ne: injiniyan gwamnati ya duba gini, a manna takarda a bakin ƙofa da kwanan wata, kowace uwa ta gani. Kuma a duba na gwamnatin ma, don ƙanina yana koyarwa a ajin da rabin kwanonsa iska ta ɗauke tun damina biyu da suka wuce. Na cire yaran daga benen, yanzu suna wata mai ginin ƙasa, ta fi nisa, kuɗin Keke Napep ya ƙaru, amma ina barci.

Tsohon mai duba makarantu, Bukuru:

'Ya'yana, na karanta duka, kuma ba zan kare abin da ba ya karuwa ba. Amma ku ji ta ɓangarenmu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. Ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, ke riƙewa, jiha ba ta karɓar kason gine-gine sai ta ajiye nata daidai da shi. Wannan kuɗi na makarantun gwamnati ne. Shi ya sa a zamanina in an kira taron bita, malamanmu kaɗai ake rubutawa, alhali a ɗakin taron akwai kujeru a banza, malamin makarantar kuɗi kuma yana tsallaken titi. Na sha cewa a bar su su shigo ko da ba za a ba su kuɗin mota ba.

Ku ma masu makarantu, Alhaji ka yi haƙuri, akwai naku. Ƙa'ida ita ce mafi ƙarancin shaidar malami NCE, kuma ya yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai. Na taɓa zuwa makarantu biyu a mako ɗaya na tarar da malama ɗaya da takardunta a duka biyun, aro aka yi don ranar zuwana. Da na matsa, mai makarantar ya buɗe mini littafin kuɗinsa, rabin iyaye ba su biya ba, da me zai riƙe mai NCE? Na rasa abin rubutawa a rahoto. In na rufe ta, yaran ina za su, makarantar gwamnati mafi kusa aji ya cika har taga? Mu kuma a lokacin da kuɗin aljihunmu muke hawa mota zuwa aiki, to wanda mai makaranta ya biya wa kuɗin mota yaya zai rubuta gaskiya a kansa?

Tsohuwar 'yar bautar ƙasa, yanzu a Abuja:

Ni kaina haɗin hannun ce, gwamnati ta turo ni, makarantar kuɗi a Rikkos ta karɓe ni. Lissafi na koyar shekara guda, ban taɓa karanta aikin malanta ba, ba wanda ya zauna ya ga yadda nake yi. Wata malama mai takardar Kwalejin Ilimi ta Gindiri ce ta tausaya mini, ta koya mini rubuta shirin darasi a teburinta bayan an tashi. Baba, da bitar nan da kake faɗa ta haɗa da irinmu, ko ta kwana uku ce, da yaran zangona na farko ba su sha wahalata ba.

Mai makaranta, Nasarawa Gwong:

Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa ba, aron malami ana yi. Tun cire tallafin mai a 2023 malamaina uku suka tafi, ɗaya yana tuƙa Keke yanzu. In za a buɗe mana ƙofar bita, ni zan biya kuɗin motar nawa. Malam mai kimiyya, in ka yarda mu rubuta yadda kuka yi shirin Asabar ɗin nan, in kai wa shugabannin ƙungiyar masu makarantun kuɗi, NAPPS, na yankinmu su shigar da shi a rubuce.

Malamar aji huɗu, Unguwar Rogo:

Na gode muku duka. Hajiya mai ɗinki, Allah ya tsare mana yaran, ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Daren jiya na zauna na rubuta wa yaran nan biyu da aka ɗauke takarda ɗai-ɗai: babban ya iya rabawa da lamba ɗaya, ƙaramin yana juya b da d, kuma ba ya gani sosai daga baya, a sa shi a bencin gaba. Ranar Litinin kafin a buga ƙararrawa zan kai wa hedimastansu da kaina, in roƙe shi ya haɗa ni da malamar da ta koyar da yarinyar da ke hannuna. Baba, wace gaisuwa ta dace in fara da ita, don kada ya ɗauka na zo koya masa aiki?