Wai "tafi gidanku" ta zama abin dariya?

Kawu na Marwa: Salamu alaikum 'yan gida. Ni dai ra'ayina a daina kunna wa yara wasan barkwancin nan na miji da mata. Jiya na leƙa falo, mutumin ya daka wa matarsa tsawa wai ta tafi gidansu saboda miya ba nama, jikokina kuwa har da faɗuwa ƙasa don dariya. Irin wannan wasa kashe aure yake yi.

Amaryar Garwa: Kawu ina wuni. Amma ka tsaya ka ga ƙarshe? Da za ta yi yajin, har akwatin Canal+ ta naɗe a zani ta tafi da shi. Washegari ana wasan ƙwallo, sai ga gogan naka ya je biko da goro, ya durƙusa gaban surukinsa yana satar kallon zanin. Shi ake yi wa dariya, ba ita ba.

Kawu na Marwa: Ke yarinya ce. Yaro ba ya riƙe ƙarshe, tsawar yake ɗauka.

Malam Ƙarami: Kawu na da hujja. Hadisi ya zo a wajen Abu Dawuda da Tirmizi cewa abu uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure, saki da kome. Abin da shari'a ta hana a yi wasa da shi, ya za a mai da shi abin nishaɗi bayan isha'i?

Baffa direba: Malam, hadisin kan mutum da matarsa yake magana. Ɗan wasa ai ba matarsa ba ce, igiyar wa zai tsinka? Sannan ku daina ɗora wa talabijin laifi. Arewa24 sai a 2014 aka buɗe ta a Kano. Kafin nan zawarawa ba su cika Marwa da Garwa ba? Ni ina ɗan yaro nake ganin mata zaune a ƙofar alƙali da goyo, lokacin unguwarmu kaf gida ɗaya ke da talabijin, shi ma CRTV, tashar gwamnatin Kamaru, kawai yake kamawa. Shekara goma ina jigilar auduga tsakanin garin Gidar da Garwa, duk tashar da na kwana hirar ɗaya ce: kuɗin cefane, kuɗin haya, uwar miji, yanzu kuma waya. Ban taɓa jin wanda ya ce fim ne ya sa shi saki ba.

Malam Ƙarami: Baffa ban ce sakin ɗan wasa ya auku ba. Cewa nake baki yana sabawa.

Goggo: Ku bar ni in yi magana, ni aka taɓa cewa tafi gidanku. Da cikin wata bakwai, a tsakiyar zafin Afrilu, na hau mota daga Kusiri da ƙullin kaya ɗaya. Ba wanda ya yi dariya a ranar. Amma wallahi jiya na yi, har da hawaye. Abin da ya ba ni dariya shi ne yadda suka nuna shi a kicin yana ƙona shinkafa, yana neman gishiri a cikin kwalin magani. Mu mata mun san wannan, kunya ce ta hana mu faɗa, abin da maƙwabtanmu Fulani ke kira semteende. Abin da ya ɓata min rai daban ne. Ba wanda ya ce wa mijin ba shi da ikon korarta. Malam, ba ka ce ko sakinta ya yi a ɗakinta za ta yi idda ba?

Malam Ƙarami: Haka ne Goggo, ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ce, kada a fitar da su daga gidajensu. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i kuma ta ce a tayar da mai sulhu daga danginsa, wani daga danginta.

Auta a Ngawundere: Dokar ƙasa ma ta hana. Kundin hukunta laifuka na Kamaru na 2016 ya sa ɗaurin wata 3 zuwa shekara 1 da tarar sefa 50,000 zuwa 500,000 ga wanda ya kori abokin aurensa daga gida ba tare da shari'a ko dalili karɓaɓɓe ba. Ni da a ce wasan ya nuna an kawo masa sammaci, da dariyar ta fi daɗi.

Baffa direba: Auta, nawa cikinmu suka je meri, ofishin magajin gari, suka yi takardar aure? Karatun jami'a daban, unguwa daban.

Kawu na Marwa: To kun ji. Goggonku ma ta ce akwai gyara.

Goggo: Yaya, gyara na ce, ban ce a kashe ba. Kuma in za a bi diddigi, wa ya ce in yi haƙuri in koma ba tare da ko an kira shi an yi masa faɗa ba?

Amaryar Garwa: Kawu ya karanta fa, alamar ta yi shuɗi.

Kawu na Marwa: An kira salla. Ranar da za a sa na gaba ku tuna min, in ga ko ta dawo da akwatin.