Albam na farko a Jidda: me ake shiryawa kafin a biya kuɗin situdiyo?

Baban Husna: Assalamu alaikum. Akwai samarinmu biyar a nan Jidda, masu jita biyu, mai bas, mai ganguna da mawaƙi. Salon fof da rok suke yi, da Hausa da ɗan Larabci. Sun haɗa waƙa 10, suna so su naɗi albam ɗinsu na farko. Waɗanda suka san harkar, don Allah a faɗa musu inda kuɗi ke zurarewa.

Injiniya Sabil: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kuɗin yana tafiya ne a awannin da ake koyon waƙa a cikin situdiyo, alhali da awa ake biya. Kafin su taka ƙofar, kowace waƙa a rubuta gudunta, misali bugu 96 ko 120 a minti, da makullinta (sautin da aka gina waƙar a kai), da tsarinta: shiga, baiti, amshi, gada, fita, da yawan layukan kiɗa a kowane. Su kama istiraha (gidan hutu na haya) su yi atisaye da kilik, wato bugun na'ura mai riƙe gudun waƙa, a kunnen mai ganguna, su naɗa da waya su saurara tare. Kusan kullum amshi ne ke gudu, domin jini yana hawa a wurin. Tsarin naɗi kuma: ganguna da farko tare da jita da murya na wucin gadi, sai bas, sai jita, murya a ƙarshe. In sun shirya, ganguna na waƙa huɗu zuwa biyar a yini abu ne mai yiwuwa. A saita ingancin naɗi a kwamfuta a bit 24, kilohaz 48, kada ƙololuwar sauti ta wuce -6 a ma'aunin ƙarfin sauti (dB).

Ɗan Mai Wurno: Yaya Injiniya, ban yarda da kilik a kowace waƙa ba. Masu salon Sudan mai sauti biyar, irin hanyar da Sharhabil Ahmad ya buɗe wa jitar lantarki, kiɗansu yana numfashi ne, ya ɗan ja ya ɗan saki. Ka ɗaure shi da kilik, ya bushe. Waƙar da ke irin wannan a naɗe ta gaba ɗaya, kowa a ɗaki ɗaya, a ɗauka sau uku ko huɗu a zaɓi mai rai. Sharaɗin shi ne kuskuren mutum ɗaya na kowa ne, don ba a iya yanke wani wuri a liƙa daga wata ɗaukar cikin sauƙi.

Injiniya Sabil: Gaskiyarka, ƙanena, amma sai ƙungiyar da ta daɗe tana wasa tare. Sababbi su bar wannan ga waƙa ɗaya ko biyu.

Bari in ƙara kan ganguna, don nan albam ɗin rok ke tashi ko ya faɗi. A sa sababbin fatu kwana biyu kafin naɗi su zauna. Makirufo SM57 a kan ƙaramar ganga, yatsu biyu sama da baki, yana kallon tsakiya. Makirufo biyu na sama dole nisansu daga tsakiyar ƙaramar gangar ya zo daidai, a auna da igiya. Sauti yana cin kusan santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka ɗan bambanci ya isa sautin biyun ya cinye juna, gangar ta fito siririya ba ƙirji. Wannan ba a gyara shi da kyau a miksin, wato lokacin haɗa sautukan bayan naɗi.

Mai Tsirkiya: Biyu ne matsalar jita a garin nan: danshi da wuta. Danshin teku yana sa tsirkiya tsatsa cikin 'yan kwanaki, sannan jitar da ta fito daga zafin mota ta shiga sanyin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ba ta riƙe saiti. A bar ta a akwatinta cikin ɗakin kamar rabin awa, a sa sababbin tsirkiyoyi tun ana gobe naɗi, a ja su sosai, a duba saiti kafin kowace ɗauka, duk su yi amfani da na'urar saiti guda ɗaya.

Wutar Saudiyya kuma haz 60 ce (tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa), ba 50 irin ta Najeriya da Sudan ba. Gurnanin wuta da jitar lantarki irin Stratocaster ke ɗaukowa yana zaune a 60, 120 da 180. Wanda ya ce zai yanke 60 daga baya ya sani sautin B na ƙasa a bas mai tsirkiya huɗu yana kusan 62, zai tafi da shi. Maganin tun a tushe ne: makunnin zaɓen sauti na jikin jitar a matsayi na 2 ko na 4, mai jita ya juya a hankali har ya sami kusurwar da gurnanin ya ragu, ampilifaya da kwamfuta su sha wuta daga soket ɗaya. Tsofaffin gidaje kuma har yanzu akwai masu soket na bolt 127, a duba kafin a jona komai.

Hajiya Amshi: Ku bar ni da murya, 'ya'yana. Ƙ da ts namu suna fita da bugu, suna dukan makirufo mai laushi. A sa tacin iska, mawaƙi ya ja baya kamar taƙi ɗaya, makirufon ya ɗan kauce daga saitin baki. Abin da ya fi damuna shi ne karin harshe. In launin waƙar, wato hawa da saukar muryar rerawa, ya hau a gaɓar da ya kamata ta sauka, ko aka ja gajeren wasali don ya cika kiɗa, Bahaushe zai ji kalmar ta karye ko da bai san dalili ba. Yaran da suka tashi a nan da Larabci a baki sun fi faɗawa wannan. Su karanta wa wani dattijo baitocin da baki, ba kiɗa, kafin ranar naɗi. Mukayyif a sanyaya ɗaki a kashe lokacin ɗauka, minti 15 zuwa 20 a sake kunnawa. A tsara awanni da lokutan sallah, a tsaya a yi, kiran masallacin unguwa ma yana ratsa bango. Murya kada ta wuce awa uku a yini.

Abu Fahad Bakano: Saura takarda, wadda ke raba abokai. Kafin a naɗi komai a rubuta wa ya yi baiti, wa ya yi launi, kason kowa nawa, kowa ya sa hannu. A kuma rubuta da mai situdiyo cewa fayilolin sautin kowane kayan kiɗa da murya, na asali da ake kira WAV, na ƙungiya ne, a kwafe su a wuri biyu duk dare. Hukumar kare haƙƙin fasaha ta Saudiyya, SAIP, tana rajistar ayyuka.

Wajen fitarwa, Spotify tana lissafa albam daga waƙa 7 ko abin da ya haura minti 30. In huɗu cikin goman ba su nuna ba, a fitar da shida a matsayin EP, wato gajeren albam, sauran su jira. Hoton bango fiksel 3000 sau 3000, ƙololuwar mastarin (gyaran sauti na ƙarshe) a -1 dB, a ɗora wa mai rarrabawa irin DistroKid wata guda kafin ranar, a tabbatar manhajar sauraron waƙa ta Anghami na cikin jerin, don masu sauraro a nan suna can da yawa. Sunan ƙungiya da ƙ ko ɗ a yanke yadda za a rubuta shi sau ɗaya, in ba haka ba waƙoƙin su rabu a shafuka biyu.