Neman shawara: tukunyar lantarki mai aiki goma ta cancanci kuɗin adashena?

Maman Abba, Samaru:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Ni malamar sakandare ce, mu shida ne a gida har da ƙanwar maigida da ke karatu a ABU, kuma da yake ba na dawowa daga makaranta sai bayan azahar, girkin rana kullum a gurguje nake yin sa. A makon jiya na ga wata tukunyar lantarki mai cin lita 6 a wani shago a kasuwar Sabon Gari, wadda mai shagon ya rantse mini cewa aiki goma take yi: dafa shinkafa, dafa wake da nama da matsin tururi, turara, suya, gasa kek, haɗa yogot, har da riƙe abinci da ɗuminsa. Ban taɓa jin sunan kamfanin ba, kuɗinta kuma bai kai rabin na Instant Pot ɗin da na gani a gidan wata abokiyar aikina ba. Ƙarshen watan nan zan kwashi adashe. Maigida ya ce in sayi silindar gas ta biyu in huta, ni kuwa raina ya biya. Waɗanda suka taɓa amfani da irin waɗannan masu araha, don Allah ku faɗa mini gaskiya, shin suna yin abin da ake cewa suna yi, ko kuwa ado ne kawai na kan kanta?

Hajiya Babba, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam, 'yata. Tawa ta shekara biyu a hannuna, ita ma ba ta babban kamfani ba ce, kuma a cikin maɓallai goma sha biyu da ke goshinta, uku kaɗai suka san yatsana. Aikin da take yi da gaske shi ne na matsin tururi. Waken da yake cinye mini gas na sama da awa guda, a cikinta yana nuna luguf cikin minti talatin zuwa arba'in, haka ma ganda da ƙafar saniya da naman tsohuwar kaza, waɗanda da can sai na haɗa musu gawayi tun hantsi. Shinkafa ma tana fita warawara idan kin gane ma'aunin ruwanta, domin ba ta shan ruwa kamar a kan wuta, kuma sai da na yi caɓaɓɓiya sau uku kafin hannuna ya faɗa.

Sauran kuwa ki ɗauke su maganar 'yan kasuwa. Suyar da take yi ta isa ki soya albasa da kayan miya kaɗan, amma ba za ki soya ƙosai ko doya ta mutum shida ba, saboda gindinta ƙarami ne kuma zafinta yana yankewa yana dawowa. Tuwo kuwa kada ma ki soma. Na taɓa gwada tuƙa na masara a ciki, tukunyar tana ta juyawa da muciya don ba ta da mariƙi, sannan baƙin shafen nan da ke hana abinci kamawa ya ɗaye a wuri biyu, tun ranar kuma shinkafa take yin ƙanzo daidai wurin. Wani abin da mai shago ba zai gaya miki ba shi ne, lita 6 ɗin ba duka za ki cika ba. Ƙa'ida ita ce kada abinci ya wuce kashi biyu cikin uku, idan wake ne ko abin da yake kumbura yana kumfa kada ya wuce rabi, don kada ya toshe ƙofar tururin. Ga gidan mutum shida masu cin abinci sosai, wannan tsaf ne, babu na baƙo.

Malam mai gyaran kayan wuta, PZ:

Malama, kafin a yi maganar tukunya, a fara duba wutar unguwarku. Mai lita 6 yawanci wat 1,000 take ja. Idan ta yi awa guda cur tana ja, yunit ɗaya ke nan a mita, amma da yake da zarar tururi ya taru sai ta riƙa kashe kanta tana kunnawa, tukunyar wake ba ta cika cin yunit ɗaya ba. Ko a rukunin A na masu biyan kuɗin wuta, wanda hukumar kula da lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, dahuwar wake da ita ta fi ta gas sauƙi. Sai dai a ƙa'ida rukunin A wutar awa 20 ake ba shi a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4, saboda haka ki lissafa ko lokacin da kike dawowa daga makaranta yana dacewa da lokacin da wuta take zama. Ƙaramin janareta ɗin nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai ba zai ɗauke ta ba, ƙaramar inbata ta sola kuma batirinta zai zube nan da nan.

Abin da ya fi kawo mini irin waɗannan shago shi ne fanel ɗin maɓallai, wanda ke ƙonewa idan wuta ta dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa, kuma na marasa suna ba a samun madadinsa, sai dai a jira wata ta mutu a ciro. Ki cire ta daga soket duk lokacin da ba kya aiki da ita, kada kuma ki jona ta a siririn wayar jonin nan ta ƙasa, ki ba ta soket na bango. Idan wani ya kawo miki ta hannu daga Amurka, ki karanta takardar da ke gindinta, domin tasu folt 120 ce, tamu kuwa 230, kuma na ga wadda ta yi hayaƙi a minti na farko.

Amaryar Hanwa:

Ni ba zan ce ki saya ba. An saka mini irinta a kayan kicin, wata na bakwai robar murfin ta saki, tururi ya riƙa fita ta gefe, wake ya yi awa guda yana nan da taurinsa kamar ba a dafa ba. Na zagaye Sabon Gari, na aika Kaduna da Kano, ba a samu robar da ta yi daidai da bakinta ba, mai shagon da aka saya a wurinsa kuma ya ce shi bai ba da garanti ba. Yanzu garin kunu nake ajiyewa a ciki.

Ɗalibar Kongo:

Anti, da izinin manya, ni dai ta yi mini rana. Mu biyu ne a ɗakin haya, da ita muke dafa taliya, shinkafa da wake, faten doya, mu turara alale da dambu, ba mu da risho ba mu da kurfoti. Ina ganin matsalar ita ce gidanku babba ne, tukunyar kuma an yi ta ne don masu ƙaramin girki.

Malama mai koyar da kimiyya, Gyallesu:

Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Hajiya, domin ta taɓo jijiyar zancen. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce kusan digiri 100 komai yawan wutar da aka hura masa, amma idan aka kulle tururi a ciki sai zafin ya kai wajen 115 zuwa 120, wannan ne sirrin saurin, ba lantarkin ba. Ma'ana, tukunyar firesha ta kan gas, wadda ba ta da fanel ba ta da waya, ita ma za ta nunar miki da wake da ganda cikin wannan lokacin, ko a kawo wuta ko kada a kawo. Abin da ta lantarki ta fi ta da shi shi ne ba sai kin tsaya a kanta ba, tana kashe kanta, kina iya yin sallah ki duba littattafan ɗalibai. Ki kuma sani cewa minti ashirin ɗin da ake rubutawa a kwali bai haɗa da lokacin taruwar tururi da na saukarsa ba, waɗanda sukan ƙara wani minti ashirin ɗin ko fiye. Idan har kin nace sai ta lantarkin, ki zaɓi mai tukunyar ciki ta farin ƙarfe mara tsatsa, ki sa a kunna ta da ruwa a gabanki har tsinken murfin ya tashi ya kulle, ki sayi robar murfi ta biyu a ranar, kuma a rubuta miki garanti a rasit. Mai shagon da ya ce ba shi da robar, ki bar masa kayarsa.

Maman Abba, Samaru:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, abu ɗaya ya rage: mai shagon ya ce zan iya zuba komai da safe in saita lokaci, in dawo in tarar da abinci a dafe. Wannan ne ya fi jan hankalina.

Hajiya Babba, Tudun Wada:

Da busasshen wake ko shinkafa yana yiwuwa, idan wuta ta zauna. Amma ɗanyen nama ko kifi ba a barin sa awa biyar a rufe cikin zafin Maris da Afrilu na Zariya, zai juya kafin ta kunna. Tawa kuma idan aka ɗauke wuta takan mance saitin gaba ɗaya. Wata Laraba na dawo daga asibiti dubiya da yunwa, na buɗe murfi na tarar da shinkafata kwance cikin ruwan sanyi ta jiƙu ta kumbura, ranar garin kwaki muka sha.

Maman Abba, Samaru:

To, na fahimta. A layinmu wuta ta fi zama da dare, da rana kuwa sai an yi sa'a. Ranar Asabar zan koma Sabon Gari in tambayi kuɗin firesha ta kan gas mai lita 9 ko 10, abin da ya rage kuma in cika silindar da Baban Abba yake magana. Malama ta Gyallesu, don Allah idan akwai abin da ake dubawa a murfin ta kan gas ɗin, ki rubuto mini kafin Juma'a.