Neman gurbin digiri na biyu a fannin ba da shawara kan cututtukan gado a Amurka da Kanada

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum. Wadda ta gama digirin farko a fannin kimiyyar halittu a Najeriya, tana son wannan karatu a Amurka ko Kanada, ta ina za ta fara? Kuma mene ne wannan Match da makarantun ke ta ambata?

Malamin Jami'a:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Fara duba jerin makarantun da hukumar ACGC ta tantance, domin ɗalibansu ne ke zama jarrabawar ABGC mai ba da shaidar ƙwarewa. Karatun shekara 2 ne.

Match kuwa tsarin raba gurabe ne da ake bi tun 2018, kamfanin National Matching Services ke gudanar da shi. Za ki yi rajista a ba ki lamba, ki sa ta a takardar neman kowace makaranta, don kowacce daban ake nema. Galibi ana rufe karɓa tsakanin Disamba da Janairu, a yi ganawa daga Fabrairu, sakamako ya fito a Afrilu. Bayan ganawa ke za ki jera makarantu yadda kike son su, su ma su jera ɗalibai, kwamfuta ta haɗa.

Nan mutane ke kuskure. Sai su sa makarantar da suke ganin ta fi sauƙin samu a farko, alhali tsarin da zaɓinki na farko yake farawa, in bai yiwu ba ya gangara, ba ki yi asarar komai ba. Amma inda aka haɗa ki ya zama alkawari, saboda haka kada ki jera wadda ba za ki iya biyan kuɗinta ba. Wasu makarantun suna ware gurbi mai tallafi da mara tallafi, kowanne da lambarsa.

Ma'aikaciyar Asibiti:
Maki kaɗai ba ya kai mutum. Ana son a ga darussan ilimin gado, bayokemistiri, ƙididdiga da ilimin halayyar ɗan Adam a takardar sakamako. Na ƙarshen ne ɗaliban kimiyya namu suka fi rasawa, sai a cike shi kafin nema. Sannan suna son shaidar kin taɓa zama da mai damuwa kin saurare shi. Aikin sa-kai a asibitin masu sikila hujja ce mai ƙarfi, musamman in kin ga yadda ake yi wa masu shirin aure, dukansu AS, bayanin cewa kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na SS, ba tare da an yanke musu hukunci ba. Wannan shi ne ainihin aikin. Ki kuma nemi mai wannan sana'a ku tattauna, ko ta bidiyo ne.

Ɗalibar Kimiyya:
Na gode, Malam da Anti. Takardu fa?

Malamin Jami'a:
Makarantu da yawa suna neman a auna sakamakonki ta irin WES, cibiyar da ke kwatanta takardun karatun waje da nasu, kuma jami'arki ce za ta tura takardun. Wannan ke jan lokaci, ki fara tun Yuli. Yawancinsu sun daina neman GRE, jarrabawar shiga digiri na biyu. Batun jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS ki tambayi kowacce, wasu suna ɗage wa 'yan Najeriya. Wasiƙun shaida galibi 3 ne, ɗaya ta fito daga wanda ya sa ido a kan aikinki na sa-kai. Ki tabbatar makarantar tana karɓar ɗaliban waje kafin ki biya kuɗin fom. Jami'ar Ghana da ta Cape Town da Wits ma suna wannan digiri, kuma ba ta Match ake neman su ba.