Fayil ɗin pcap mai GB 6 yana daskarar da Scapy, ina mafita?

Ɗalibin_Netwok:
Assalamu alaikum. Akwai fayil ɗin pcap (fayil mai ajiye fakitocin bayanan da suka ratsa netwok) mai kusan GB 6 da aka ɗauka da tcpdump a netwok ɗin ofishinmu. Abin da ake buƙata kawai sunayen shafukan da kowace kwamfuta ta nema, da lokacin, a tebur. Da an kira `rdpcap()` na Scapy (laburaren Python na sarrafa fakitoci) sai RAM ta cika, komai ya tsaya cak. Ina gyara?

Mai_Saba:
Wa alaikumus salam. Ai `rdpcap()` kwaso fakitocin yake gaba ɗaya ya zuba a RAM, kuma kowane fakiti yakan kumbura idan Python ya warware shi. In dole sai Scapy, koma `PcapReader`, shi ɗaya bayan ɗaya yake karantawa.

Amma wannan aikin bai kai a ɗauko Python ba. Fara tacewa, ka ware fakitocin DNS (tambayoyin neman adireshin shafi da sunansa), masu bin tasha (port) ta 53:

`tcpdump -nr babba.pcap -w dns.pcap port 53`

Sannan ka fitar da teburin da tshark, manhajar nazarin fakitoci a layin umarni:

`tshark -nr dns.pcap -Y "dns.flags.response==0" -T fields -e frame.time_epoch -e ip.src -e dns.qry.name -E separator=/t`

Kar ka raba ginshiƙai da waƙafi. Idan fili ɗaya ya zo da ƙima biyu, da waƙafi tshark yake haɗa su, teburin sai ya hargitse. In kuma dns.pcap ya fito fanko, mai yiwuwa fakitocin na ɗauke da alamar VLAN (alamar da ke raba netwok ɗaya gida-gida). Rubuta `'vlan and port 53'`.

Hajiya_Linux:
Ƙari kan bayanin Malam: tasha ta 53 ba za ta nuna maka komai da komai ba. Firefox ko Chrome da aka kunna wa DoH (DNS ta cikin HTTPS) ta tasha 443 suke tambaya, a rufe. Dabarar ita ce ka ɗauko sunan daga gaisuwar farko ta TLS (tsarin da ke rufe bayanan HTTPS): `-Y "tls.handshake.type==1" -e tls.handshake.extensions_server_name`. A babban fayil za ka gudanar da wannan, ba dns.pcap ba.

In tshark ma ya fara cin RAM, raba fayil ɗin da `editcap -c 500000` (fakiti 500,000 a kowane yanki). Sai dai duk hirar TCP da yankan ya faɗa tsakiyarta ta tsinke ke nan.

Mai_Saba:
Haka ne, Hajiya. Shi ya sa na fi son Zeek, manhajar nazarin zirga-zirgar netwok, a nan: `zeek -C -r babba.pcap` zai ba ka dns.log da ssl.log, sai `zeek-cut -d ts id.orig_h query < dns.log`. Kar a manta `-C` ɗin nan, shi ke hana Zeek duba checksum (lambar tantance lafiyar fakiti). In a kan kwamfutar da ke aikawa aka yi ɗaukar, katin netwok bai riga ya cike checksum ba, Zeek kuwa zai watsar da fakitocin a matsayin lalatattu.