Muhawara: idan mai zargi ta zama munafuka, zarginta ya faɗi kenan?

Baban Khalifa: Salam jama'a. Yau sai na faɗi abin da ke raina ko da za a cinye ni ɗanye. Wannan MeToo ɗin na Hollywood, fafutukar masu fallasa cin zarafin lalata, wallahi tun 2018 na daina yarda da ko mutum ɗaya a cikinsu. Ku duba Asia Argento, matar da ta tsaya a bikin fina-finai na Cannes a watan Mayun 2018 ta ce babban furodusan fim Harvey Weinstein ya yi mata fyaɗe a nan garin a 1997 tana shekara 21, ana ta tafi ana cewa jaruma, wata uku kacal sai ga New York Times da labarin ita ma ta amince za ta biya wani ɗan fim Jimmy Bennett dala 380,000 saboda ya ce ta kwana da shi a otal a Kalifoniya a 2013, yana shekara 17 ita tana 37. A can kuwa ƙasa da 18 yaro ne a doka. To don Allah wace gaskiya ta rage a bakin irin wannan? Neman suna ne kawai da kuɗi, dukkansu.

Ummi: Dukkansu fa ka ce Yaya? Mata sama da 80 ne suka zargi Weinstein. Ɗaya ta yi abin kunya sai ka kwashe sauran ka zuba a kwandon shara?

Baban Khalifa: Ai ba ɗaya ba ce ƙanwata, ita ce ta gaba-gaba. Kuma da labarin ya fito me Rose McGowan, 'yar fim ɗin da ita ma ke zargin Weinstein, ta ce? Wai babu wanda ya san gaskiyar lamarin, a bi a hankali. Toh! Jiya-jiya kuna cewa a yarda da duk wanda ya yi zargi, da ya zo kan ƙawarku sai a bi a hankali. Laifi tudu ne.

Anti Rabi: A nan kam ina tare da kai, abin da McGowan ta yi son kai ne ƙarara kuma ta sha zagi a kai. Amma ina da tambaya Baban Khalifa. Ita Argento ta musanta, ta ce ba ta taɓa kwana da yaron ba, ta ce saurayinta Anthony Bourdain ne ya biya kuɗin don a rabu da fitina. Ba a kai ta kotu ba, babu alƙalin da ya yanke komai. Kai ka yarda da Bennett ko ba ka yarda ba?

Baban Khalifa: Na yarda mana, mai gaskiya ba ya biyan dala 380,000.

Anti Rabi: Madalla. To Weinstein ya biya McGowan dala 100,000 tun 1997, a 1998 aka biya mataimakiyarsa Zelda Perkins da wata abokiyar aikinta fam 250,000 suka raba, Times ta ƙirga aƙalla mata takwas da ya biya don su yi shiru. Da ma'aunin naka shi ma ba mai gaskiya ba ne kenan. Ka yarda da yaro ɗaya ba kotu ba shaida, ka ƙi yarda da mata 80 da har kotu biyu suka saurari wasu daga cikinsu, sannan kana kiran wasu munafukai, haba malam.

Sadiq: Anti ta kama ka wallahi 😂

Baban Khalifa: Ba ta kama kowa ba. Kotun ai ta soke hukuncin, ko ba ku ji ba?

Barista Nura: Bari in shigo nan don kullum ana kawo maganar sokewar nan a karkace. A Fabrairun 2020 kotu a New York ta sami Weinstein da laifi aka ba shi shekara 23. A Afrilun 2024 babbar kotun jihar ta soke, alƙalai huɗu suka rinjayi uku, kuma dalilinsu ba wai matan sun yi ƙarya ba ne, cewa suka yi alƙalin farko ya yi kuskure da ya bar wasu mata suka ba da shaida a kan abubuwan da ba sa cikin tuhumar da ake masa. Matsalar tsarin shari'a ce. Aka sake zama a 2025, aka sake samun sa da laifi a kan abin da ya yi wa Miriam Haley, aka wanke shi a tuhuma ɗaya, ta uku kuma masu taya alƙali yanke hukunci suka kasa cimma matsaya. Banda wannan akwai shekara 16 da kotun Los Angeles ta ba shi a 2023, shari'a ce daban. Shi dai har yau cewa yake duk da amincewarsu aka yi. Abu na ƙarshe yallaɓai, Asia Argento ba ta cikin matan da aka ɗaure shi da shaidarsu. Ko da za a ce duk abin da ta faɗa tun da aka haife ta ƙarya ne, hukuncin nan ba zai motsa ba.

Malam Garba: Barista ka yi bayani amma kada a rufe bakin yaron nan gaba ɗaya, akwai gaskiya a cikin fushinsa, inda ya nufa da shi ne bai yi daidai ba. Munafuncin yana nan jibge, sai dai ba wurin matan da suka yi ƙara yake ba, wurin manyan masana'antar yake. Ku tuna daraktan fim Roman Polanski. A 1977 da bakinsa ya amsa laifin saduwa da yarinya 'yar shekara 13, a 1978 ya gudu Faransa kafin a yanke masa hukunci. A 2003 aka ba shi Oscar na gwarzon darakta, bai iya zuwa karɓa ba don yana sauka Amurka za a kama shi, Harrison Ford ya kira sunansa, manyan 'yan fim suka miƙe tsaye suna tafa wa kujerar da babu kowa a kai. A 2009 da aka kama shi a Siwizalan sama da mutum 100 na harkar fim suka sa hannu a takarda wai a sake shi, da Martin Scorsese da Woody Allen, shi Weinstein ma har rubutu ya yi a jarida yana kare shi. Sai a 2018 da iska ta juya hukumar Oscar ta tuna ashe akwai laifi, ta kore shi. Shekara 41 kenan suna tunani.

Baban Khalifa: Allah ya ƙara girma Malam, ka manta ba ka faɗa ba, Argento ma ta sa hannu a takardar nan.

Malam Garba: Ta sa, daga baya ta ce ta yi nadama. Ban zo wanke ta ba.

Ummi: Kuma a Faransa ko bayan MeToo ɗin ba su fasa ba, a 2020 suka sake ba shi kyautar César, Adèle Haenel ta tashi ta fice daga zauren.

Sadiq: Ni abin da ya fi ba ni haushi baƙaƙen kayan nan na Golden Globes a Janairun 2018. Kowa ya sa baƙi ya maƙala tambarin ƙungiyar yaƙi da cin zarafin mata ta Time's Up a ƙirji kamar yau suka fara jin labari. James Franco da tambarinsa ya hau ya karɓi kyauta, ba a yi sati ba Los Angeles Times ta kawo mata biyar suna zarginsa. Ya ce ba haka abin yake ba amma a 2021 an sasanta ƙarar tsofaffin ɗalibansa a kan sama da dala miliyan 2. Ita kanta Time's Up ɗin fa? A 2021 aka gano shugabanninta suna ba ofishin gwamnan New York Andrew Cuomo shawara lokacin da mata ke zarginsa, Roberta Kaplan ta sauka, Tina Tchen ta sauka, ƙungiyar ta ƙare a watse. Don haka in Baban Khalifa ya ce akwai wasan kwaikwayo a ciki ni ba zan yi musu ba, 'yan wasa ne dama.

Anti Rabi: Ba wanda ya yi musu Sadiq. Abin da nake ja shi ne tsallen da yake yi daga "manya munafukai ne" zuwa "matan ƙarya suke". Ai munafuncin manyan shi ne ma hujjar cewa abin ya faru, don sun sani suka yi gum. Courtney Love tun 2005 ta gargaɗi 'yan mata a gaban kyamara kada su je in Weinstein ya gayyace su otal. Seth MacFarlane ya yi barkwanci da shi a 2013 wajen sanar da sunayen 'yan takarar Oscar aka yi ta dariya. Quentin Tarantino da kansa ya ce ya san abin da ya isa ya yi fiye da abin da ya yi. Peter Jackson ya ce kamfanin Miramax na su Weinstein ya gaya masa ya guji Ashley Judd da Mira Sorvino wai wahalar aiki ne da su, shi kuma ya cire su daga lissafi. Ka ga yadda ake kashe sana'ar mace ba tare da ta san daga ina aka harbe ta ba.

Baban Khalifa: To in har gaskiya ne me ya sa suka yi shiru shekara 20? Wasu ma har saƙon soyayya suka ci gaba da tura masa, an karanta a kotu. Mutum ya yi miki fyaɗe ki rubuta masa kina kewarsa?

Ummi: Akwai wadda ba ta yi shiru ba ai, ka ga abin da ya same ta. Ambra Battilana Gutierrez a 2015, ranar da abin ya faru ta tafi wurin 'yan sandan New York, washegari suka maƙala mata na'urar ɗaukar murya ta koma. Ana jin su a bakin ƙofar ɗakin otal yana matsa mata ta shiga ko minti biyar ne, tana cewa ba ta so, ta tambaye shi me ya sa ya taɓa mata ƙirji jiya, ya ba ta haƙuri ya ce ai shi ya saba. Da muryarsa fa. Ofishin mai gabatar da ƙara na Manhattan ya ce hujja ba ta isa ba, jaridun tsegumi suka koma tonon rayuwarta a Italiya. In ke ƙaramar 'yar fim ce kina kallon wannan, za ki buɗe baki? Mutumin da har kamfanin leƙen asiri Black Cube ya ɗauka don su bi matan da 'yan jarida.

Barista Nura: Maganar saƙonnin kuma lauyoyinsa sun karanta su ɗaya bayan ɗaya a gaban masu yanke hukunci, sun ji sun gani, duk da haka suka same shi da laifi a 2020. Wanda abincinka ke hannunsa ba ka yanke gaisuwa da shi rana ɗaya. Amma in faɗi gaskiya, ɓangaren su Ummi ma akwai inda suke zarcewa. Ɗan fim Kevin Spacey da aka zarge shi da cin zarafi an cire shi daga aiki a 2017 cikin kwanaki, har fim da aka gama aka sake ɗauka da Christopher Plummer a madadinsa. A 2022 kotu a New York ta ce Anthony Rapp bai tabbatar da ƙararsa ba, a Yulin 2023 kotun Landan ta wanke shi daga duk tuhume-tuhumen. Shekara shida mutum ba aiki. Wannan "a yarda da kowa" in aka mai da shi "a hukunta kafin a bincika" to an bar adalci.

Baban Khalifa: Yauwa! Abin da nake faɗa kenan tun ɗazu.

Barista Nura: A'a ranka ya daɗe, ba shi kake faɗa ba. Kai cewa ka yi duk ƙarya ne. Wankewa a kotu ma'anarta ba a kawo hujjar da ta kawar da shakka ba, ba ta nufin an kama mai ƙara da ƙarya. Shi Spacey ɗin gidan wasan Old Vic ya ce mutum 20 ne suka kawo ƙorafi a kansa, kuma mai sasanci ya taɓa yanke masa biyan kusan dala miliyan 31 ga kamfanin da yake wa aiki saboda ya karya dokarsu ta cin zarafi. Ɗan wasan barkwanci Bill Cosby ma an sake shi daga kurkuku a 2021 ne saboda wani tsohon mai gabatar da ƙara ya taɓa yi masa alƙawarin ba za a tuhume shi ba, ba don mata kusan 60 da ke zarginsa sun janye ba. Kowace shari'a da nata, ba a yi musu kuɗin goro.

Malam Garba: Kuma ku lura kamfanin da ya kori Spacey cikin 'yan kwanaki da wanda ya rufa wa Weinstein asiri shekara 20 lissafi ɗaya suke yi. Da shiru ke kawo riba sun yi shiru, da kora ta fara kawo riba suka yi kora. Ba su taɓa bincike don Allah ba, shi ya sa mai gaskiya da mai laifi duk suke shan wahala a hannunsu.

Sadiq: Malam to shi Weinstein da ya shiga tattakin mata a bikin fina-finai na Sundance a Janairun 2017, ya kuma ba da gudummawa a kafa kujerar farfesa da sunan 'yar fafutukar haƙƙin mata Gloria Steinem a jami'ar Rutgers, shi wane suna za a ba shi 😅

Anti Rabi: Ka tambayi Baban Khalifa, shi ne mai rabon sunan munafukai yau. In munafunci na soke maganar mutum to musun da Weinstein yake yi shi ya kamata ya fara sokewa.

Baban Khalifa: Ni dai har gobe Argento ba ta da bakin magana, kuma duk wanda ya sa baƙin kaya a daren nan alhali ya sa hannu a takardar Polanski ban yarda da hawayensa ba.

Ummi: Kar ka yarda da hawayensa Yaya, ba wanda ya roƙe ka. Miriam Haley ba tauraruwa ba ce, mataimakiyar shirya shiri ce, sau biyu tana tsayawa a kotu, 2020 da 2025, lauyoyi na juya ta kwana da kwanaki. Ita me ta sa wa hannu?

Baban Khalifa: Ita ban ce komai a kanta ba.

Sadiq: Ka ce "dukkansu", yana nan a sama ban goge ba.